Abin da Na Goge da Hankicina a Abuja

Wata biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Iyakar karatuna firamare ne, ina tsoron in faɗi aikin masu ilimi ba daidai ba. Amma akwai tambayar da ta ƙi barina in sake.

Talata: Dabai zuwa Abuja

'Yata Rahila ce ta matsa in zo in ga aikinta. Na baro Dabai ƙarfe biyar da kwata na asuba a kan babur, motarmu ta tashi daga tashar Zuru shida da rabi. Kafin Rijau na ciro katin shaidata sau uku.

"Baba, katin nan ba ya da ƙafa," in ji direba. "Bar shi ya huta."

Mun wuce shingen sojoji biyu lafiya. Ƙarfe goma muka sha kunu da ƙosai a Kontagora, muka bi ta Tegina da Minna. Biyar da rabi na yamma Rahila ta tarbe ni a tasha.

Laraba: wurin aikin

Ɗakin da suke aiki ba a shigarsa sai da farar riga da hula da safar hannu, saboda ƙura. Ta gilashi na leƙa. Asibiti ma bai kai shi tsabta ba.

Rahila ta ce a kan ɗan dutse kamar farce suke shimfiɗa wani sinadari, bawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. In an sanyaya shi sosai, wutar lantarki na bi ta cikinsa ba abin da ke tare ta. Don su fitar mata da hanyoyi, sai su shafa masa wani ƙaro, su ɗora faifai mai zane, su haska fitila. Inda haske ya taɓa ya wanke, sannan a sa wani ruwan magani ya cinye wurin da ya buɗe.

Na ce, "Ashe kwanon da nake hudawa ne in buga sunana a buhun dawa."

"Shi ne, Baba. Sai dai layinmu ya fi gashi siranta."

Ta fito mini da dutsen guda a ɗan akwati, ta buɗe a tebur, ta je ɗauko mabuɗin madubin ƙara girma. Na duba, na ga kamar dusu-dusu a kansa. Na ce kada shugabanta ya zo ya ga datti a kayanta. Na hura masa iska da baki, na goge shi tas da hankicina, yadda nake wa tabarau.

Da ta dawo ta kalli hankicin, ta kalli dutsen, ta zauna. Abokin aikinta, Malam Sani, ya sa shi a madubin ya ce in duba. A gefe ɗaya na ga layuka a jere, ban taɓa ganin aikin hannu mai kyau haka ba. A tsakiya kuwa kamar shanu sun bi ta gona.

"Baba manomi ne na gaske," in ji shi. "Har nan sai da ya yi huɗa."

Na tambayi Rahila kwana nawa ta yi a kansa.

"Kwana uku ne kawai, Baba. Tashi mu je ka ci abinci."

Malam Sani ya sunkuyar da kai, wai yana ɗaure igiyar takalminsa.

Alhamis: gida

Mun tashi ƙarfe shida, na iso Dabai bayan la'asar. Na gode wa Allah da direba, da yarinyar da ko fuska ba ta ɓata mini ba.

Hankicin na nan a ninke, ban wanke shi ba. Masu karatu, wanda ya san wannan aiki ya taimaka ya faɗa mini gaskiya: kwana nawa ake yi kafin a gama dutse ɗaya? Don sai daga baya na tuna, takalmin Malam Sani ba ya da igiya.