Gwajin Motar Hajiya a Hanyar Hatta

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Muraƙƙabat a Dubai, mu uku a tasi ɗaya, kowa da abin da ke ransa. Akwai abokina, ɗan Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya, wanda ya sayi motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da banɗaki da wurin girki. Akwai dillalin da ya samo masa ita, wani dogon mutumin Damagaram da ba ya gama magana sai ya ce "voilà". Sai ni, da aka gayyato saboda taya ce sana'ata tun ina Ƙofar Ruwa har na zo Dubai.

Ga dalilin tafiyar. Mahaifiyar abokin nawa ta zo masa ziyara, bizarta ta kusa ƙarewa, shi kuma ya yi mata alkawarin kai ta Umra a mota, da kansa, tana kwance a gadonta, don bayanta ba ya jure dogon zama. Ranar Alhamis za su tashi. Mu kuma za mu gwada motar zuwa Hatta mu dawo, ɗauke da duk kayan da za a tafi da su.

A Warsan motar take, a wani fili tsakanin manyan sito. Ina leƙa cikinta na ce to, an zo wurin. Kun dai san halinmu. Da zarar an ji mutum zai tafi Makka a mota, kowa sai ya tuna yana da ɗan'uwa a can. Wannan ya kawo kwalin atamfa, wancan buhun garin kunu, wani har keken ɗinki ya kawo a kai wa ƙanwarsa. Ba a cewa a'a, kuma ba a tambayar nauyi. Aka haɗa da janareta da jarkokin ruwa, duk aka tura su can baya, ƙarƙashin gadon da Hajiya za ta kwanta.

Saboda wannan lodi ne aka ƙara wa ƙafafun baya ƙarfi. An ƙara sifirin, an sa balan-balan na iska, an sa tayoyi masu ɗaukar nauyi, kuma dillalin ne ya tsaya a kan aikin. Na durƙusa na karanta jikin tayoyin, ban ga laifinsu ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wilin, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Na gaba baƙin ƙarfe ne na asali, na baya kuwa fari fat, mai ƙyalli, irin wanda samari ke sa wa jif. Kowane wili akwai iyakar nauyinsa da ake bugawa a jikinsa, amma sau da yawa ta ciki take, sai an kwance ƙafar ake gani. Na ce a kawo jak.

Abokina ya duba agogo ya ce, "Haba Alhaji, rana za ta yi mana. Yalla, mu tafi."

Dillalin ya yi dariya. "Patron, kai mai taya ne, dole ka ga laifi. An gama aiki, khalas."

Tun daga nan na sa masa ido. A raina na gama yanke hukunci cewa ya sayar da wilin asali, ya liƙa wannan don motar ta yi kyan gani. Shi ma na lura yana kallona ta gefen ido, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo neman ciniki a gidan biki. Abokina ya kama sitiyari muka tashi.

Mun bi hanyar da ta ratsa ta ƙasar Sharja, don tsohuwar hanyar tana shiga Oman, mu kuma ba mu da wannan ƙarfin halin. Titi sumul, babu rami ko ɗaya da zan ɗora wa laifi in wani abu ya faru. Da muka bar gine-gine sai yashi ya fara sauya launi, daga fari zuwa ja kamar garin barkono, raƙuma suna kiwo bayan shingen waya ba ruwansu da kowa. Mun tsaya a wani ɗan shagon mutanen Kerala muka sha shayin karak da farata, irin gurasarsu, da ƙwai. Shayin nan dai har yanzu shi ne abu ɗaya a ƙasar nan da bai fi ƙarfin talaka ba. Su suna ci, ni ina zagaya mota ina taɓa ƙafafun baya.

Kusa da duwatsu akwai sikelin da motocin tsakuwa ke hawa. Na matsa sai da aka ɗora ƙafafun baya a kai. Nauyin ya fito ƙasa da sabon iyakar da aka ce ƙafafun za su iya ɗauka, amma da ɗan kaɗan. Dillalin ya tafa hannu ya ce, "Voilà! Sai ka kawo wata maganar." Ni dai na riƙe lambar a kaina.

Hatta gari ne da ya cancanci a je. Duwatsu baƙaƙe tsirara, babu ko ciyawa, sai ga ruwan dam kore shar a tsakiyarsu. Iyalai sun cika wurin, Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, ana ta hawa ƙananan jiragen ruwa. Masu zuma sun jera kwalabe a bakin hanya, na ɗanɗana, na ji kuɗin, na gode musu. Mun ci shinkafar mandi da hannu a tire ɗaya, kuma ko a nan ni da dillalin kowa gefensa yake ci.

Bayan azahar, da muka dawo wurin mota, na ga ƙafar baya ta dama ta ɗan kwanta. Dillalin ya ce ƙusa ce. Na ce to mu gani. Na kaɗa ruwan sabulu a roba na zuba a jikin tayar, shiru. Na zuba a jikin wilin. Sai ga kumfa tana tasowa a layi, siririya kamar zare, daga gindin ɗaya daga cikin hannuwan ƙarfen. Wilin ne ya tsage.

Wannan karon ba wanda ya hana a kawo jak. Muka kwance ƙafar, na juya ta, na goge ƙura da gefen hannun rigata, ga lambar nan a buge. Lissafin ba wuya. Ƙafa biyu ce a baya, kowace tana ɗaukar rabin abin da sikeli ya nuna, rabin kuwa ya wuce abin da ke jikin wilin nesa ba kusa ba. Sifirin ya ɗauka, taya ta ɗauka, shi da ke tsakaninsu ba a yi shi don wannan ba. Daidai saman ƙafar nan kuwa kan Hajiya zai kasance, a tsakiyar hamada, mota tana gudu.

Na miƙe na fuskanci dillalin. Na ce, "Malam, ina wilin asali?"

Ya buɗe baki yana kallona. "Wallahi, mon frère, da baƙin ƙarfe na kawo ta. Ni na ɗauka kai ka sayar masa da waɗannan!"

Muka juya tare. Abokina yana zaune a kan dutse, ya cire hula ya riƙe. Ya ce shi ne. Ya ga fararen wilin a kasuwar kayan gwanjo, ramukan noti sun dace, sai ya bayar da na asalin aka ba shi waɗannan. Ya ce so yake idan an tsaya a Madina, mutanen garinsu su ga irin motar da ya kawo mahaifiyarsa a ciki. Na yi niyyar yi masa faɗa, amma ganin fuskarsa sai na kasa. Tausayi ya ba ni.

Safaya ɗaya ce mai wilin asali. Muka ɗaura ta, muka ɗauki hayar wata a-kori-kura ta wani direba Bafatane aka kwashe kayan saƙo, sannan muka kamo hanya a hankali a layin manyan motoci, ana ta wuce mu. A hanya na kira duk wanda na sani a harkar. Irin wilin motar nan ba ya zube a kasuwa, sai an yi odarsa, kuma ba zai iso kafin Alhamis ba. Mai gwanjon ma da aka kira ya ce na asalin sun riga sun tafi.

Da magariba muka iso Deira, unguwar abokina. Na raka shi har filat ɗinsa, don na ga ƙafarsa ta yi nauyi. Hajiya tana zaune a kan darduma, akwatinta a ɗaure a gefe tun yanzu. Muka gaishe ta, ta ce, "Yaya motar, ta yi?"

Ya durƙusa ya ce, "Ba ta yi ba, Umma. Nauyi ya yi mata yawa."

Ta dubi akwatin, ta ce, "To a bar wannan. Kala biyu sun ishe ni. Ni kuma ai ba ni da wani nauyi."

Kansa a ƙasa ya gaya mata cewa ba akwatinta ba ne, shi ne ya yi wa mota kwalliya da abin da ba zai ɗauke ta ba. Ta ce, "Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri," ta jawo akwatin ta fara kwance igiyar.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan kaɗan ne. Duk wanda aka ce masa an ƙara wa ƙafafun motarsa ƙarfi, ya kwance ƙafar ya karanta jikin wilin da idonsa, ko da rana za ta yi masa. Ni da dillalin mun ɓata yini guda muna harara, alhali mai laifin ba ɗayanmu ba ne. Hajiya kuwa ta koma Kano a jirgin Lahadi, ba ta ga Ka'aba a bana ba.