Yadda Na Kai Baba Asibiti Don A Ce Ya Ruɗe

Ni ne babba a gidanmu. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina aiki a wata ma'aikata a nan Kaduna, ina ji da kaina kamar babu mai wayona daga Malali har Kawo. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ko rasiɗin facin taya sai sun sa a fayil. Yana da gona, da gidan da yake zaune a Malali, da tsohon gidanmu na Unguwar Kanawa, inda matar ƙanena marigayi take zaune da 'ya'yanta uku. Tsohon gidan nan a bakin titi yake, kuma na daɗe ina gina shaguna a kansa a cikin zuciyata.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya tara mu ya karanto mana wasiyyarsa. Ya ce tunda uban yaran ya riga shi rasuwa, ba su da gado a dukiyarsa muddin mu 'ya'yansa maza muna raye, don haka ya bar musu tsohon gidan a cikin sulusin da shari'a ta ba shi. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce, amma tuwon ranar bai shiga ba. Na garzaya wajen wani abokina lauya, ya ce wasiyya ba ta faɗuwa sai ta haura sulusi, ko an yi wa magaji, ko mai yin ta ba ya cikin hankalinsa. Ƙofa biyu Baba ya toshe su tsaf. Sai na kama ta ukun, abokin kuwa ya ce sai da takardar likita, ya kuma ce shi ba ruwansa.

Daga nan na zama ɗan sandan ciki a gidan ubana. In ya nemi tabarau alhali yana kan hancinsa, na rubuta. In ya maimaita labarin tafiyarsa Ikko a jirgin ƙasa, na rubuta. Har ranar da ya ba shukarsa ruwa bayan an ɗauke ruwan sama sai da na rubuta, ina murna kamar na tsinci dami a kala. Na samu wani likita na kwashe masa duka, sannan na ce wa Baba za mu je awon hawan jini.

Likita ya tambaye shi yau nawa ga wata. Baba ya ba shi na Bature da na Musulunci, ya kuma nuna masa cewa kalandar bangonsa ba a juya ta ba tun watan jiya. Aka ba shi kalmomi biyar ya riƙe, ya mayar da su daga farko, ya sake mayarwa daga ƙarshe ba a sa shi ba. Ni kuwa ina kusurwa ina kallo. Da likita ya ce ƙwaƙwalwarsa garau take, sai Baba ya roƙe shi ya rubuta hakan, ya sa hannu, ya buga hatimi, kuma a yi kwafi biyu. Ya ce ɗaya zai liƙa a jikin wasiyyarsa, ɗaya kuwa a ba ni, tunda ni na fi bukatarta. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da motata, da ƙafata, na kai shi ya samo shaidar da babu alƙalin da zai iya turewa.

A hanya bai yi min faɗa ba, ya ma sa na tsaya na sayi ayaba, ya ce mu biya Unguwar Kanawa. Muna tsayawa yaran suka fito da gudu suka kewaye motar. Kafin ya sauka ya ce min, a hankali, da ni Allah ya ɗauka ya bar ƙanena, nawa 'ya'yan ne za su tashi ba ko bulo, kuma da su zai rubuta wa gidan. Wannan maganar ita ta sa ni hawaye.

Baba yana nan da ransa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin, yana kira na babban likitan gida. Ina dariya tare da su, don na cancanci fiye da haka. Ga masu iyaye a raye, ku yi hattara da ƙirga musu mantuwa. Ni dai na gane ba lafiyar Baba nake aunawa ba, gidan marayu nake aunawa, kuma saura ƙiris in fitar da 'ya'yan ɗan'uwana titi da hannuna.