Igiyar da Ta Suɓuce wa Kawu Munkaila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoban 2025, ana tsakar yankan gero, Allah Ya karɓi ran kawuna Munkaila mai amalanke a gidansa na Kore Mairuwa. Ni ce Mas'uda, 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya.

Kawu, shekara talatin kana ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa asibiti, ba ka taɓa tsayawa tambayar mai naƙuda 'yar wane ce ba. Kai ka kai ni tasha ranar da zan tafi makarantar jinya, ka ce in yi sauri in gama, jakinka na jiran allurata.

Shekara uku ke nan da igiyar jakin ta suɓuce daga hannunka na dama, harshenka ya yi nauyi. Ba ka faɗi ba, ba ka suma ba, kanka ma bai yi ciwo ba. Matarka Inna Ajuma ta ce doguwa ce ta taɓa ka, ta aika Lugu wurin 'yan bori. Ɗanka Luƙman ya ce wannan shirka ce, ya kawo mai ruƙiya. Kwana huɗu hannu ya dawo, kowannensu ya ce aikinsa ne. Suka yi wata guda suna gardamar wa ya warkar da kai, ba wanda ya ce a auna jininka.

Da na zo hutu na auna, na tarar da hawan jini har sha tara, alhali na mai lafiya sha biyu ne. Na ba ka magani, ka sha na mako biyu ka ajiye. Ka ce, "Ɗiyata, hannuna ya yi barci. Mi za ni yi da ƙwaya, ga ni bisa ƙahwata?" Na yi dariya na ƙyale ka. Wannan dariyar tana ci mini rai har yau.

Abin ya dawo sau uku. Takunka ya gajarce, mantuwa ta shigo, fura ta fara shaƙe ka. Hoton kanka da aka ɗauka a Yamai ya nuna 'yan ramuka kamar ƙwayar gero. Likita ya ce ƙananan hanyoyin jini ne suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya.

Kwana ya ƙare, ba na ja da hukuncin Allah. Amma jiya a zaman makokinka ludayi ya faɗi daga hannun Inna Ajuma, ta ce hannun ne ya yi barci. Wannan karon ban yi dariya ba. Na ɗaura mata awo a gaban matan da suka zo gaisuwa, ita ma sha tara. Ta ce mai takaba ba ta fita. Na ce mata neman magani lalura ce, liman ya gaskata ni.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya sa wahalar jinya ta zama kaffara. Inna Ajuma, Luƙman da dangi na Tibiri, Allah Ya ba mu haƙuri. Gobe da safe Luƙman zai ɗaura wa jakinka amalanke, mu kai Inna tasha, mu hau mota zuwa asibitin Dogondutsi. Ni zan riƙe igiyar.