Jar Motar da Ke Gasa Min Ƙafa

Shekarun da kuɗin mai suka fara zuba a ƙasar nan, kowane ma'aikaci a Tudun Wada ya sayi abin da ya daɗe yana kwaɗayi. Wani babur, wani firiji, wani rediyo mai kaset. Maigidana kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ga shi da wata tsohuwar jar mota da ya saya a hannun wani Bature da ke koyarwa a kwalejin Kongo ta nan garin, wanda zai koma garinsu. Kujera biyu tak, rufin tamfol, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. Sitiyarinta ma a dama yake, irin na kafin a canza hannu. Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo daga zaure ta ƙare mata kallo, ta ce, "Sauran motar fa, sai yaushe za a kawo?"

Ni a lokacin amarya ce. Gidan babba ne, cike da mutane, kuma bango ɗaya ya raba ɗakinmu da na Inna, ko tari ka yi sai ta ce maka sannu. Malam ba ya iya tsayawa hira da ni a tsakar gida don kunya, ni kuma ba na fita sai da dalili mai ƙarfi, suna ko gaisuwa ko asibiti. Mijina ne, amma wallahi ban san yadda dariyarsa take ba.

Ranar da ya fara ɗauka ta a motar, gidanmu zai kai ni a Gyallesu. Ba mu yi nisa ba na ji wata iska mai zafi tana hura min ƙafa daga ƙasa. Na daure, na daure, har silifana ya fara laushi. Ni dai ban iya haɗiye magana ba tun ina yarinya. Na ce, "Malam, wannan mota ce ko tanda? Masa ka ɗauko ni in soya?" Nan ya fashe da dariya, wata siririyar dariya da ba ta dace da girman jikinsa ba. Shi ƙafarsa na cikin safa da sau-ciki, bai ji abin da nake ji ba.

Daga ranar ya shiga neman inda zafin ke fitowa. Da farko ya ce salansa ce, tunda ta ƙarƙashin kujerata ta bi, aka liƙa mata falankin ƙarfe. Bayan la'asar ya tsaya ƙofar ɗakin Inna, ya ce, "Inna, zan ari ƙafarta, a gwada gyaran." Inna ta ce ya ɗauki ɗaya daga cikin yaran gida mana. Ya ce yara ko wuta ke cin su ba za su faɗa ba, don kada a sauke su. Inna ta ce to, a dawo kafin magariba.

Muka miƙi hanyar Dutsen Abba. Zafi na nan yadda yake. Sai ya faka ƙarƙashin wata bishiya kusa da mai rake, wai inji ya huce. Muka zauna muna shan rake, ya ba ni labarin yadda ya so zama direban jirgin ƙasa, mahaifinsa ya hana. Ni ma bakina ya buɗe, na gaya masa ina son in koma makaranta in zama malama, maganar da ko uwata ban taɓa yi wa ba. Bai yi min dariya ba. Ya ce a bar shi ya san yadda zai ɓullo wa Inna.

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Wannan makon ya toshe ramukan da ke tsakanin inji da wurin ƙafa da yankin tsohuwar roba. Wani makon ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin dardumar motar. An wanke lagireto. An ɗinka sabuwar fata a gindin giya, wai ta nan zafi ke hawowa. Kowane gyara sai an ari ƙafata, kowane gwaji sai inji ya huce wajen mai rake. Ina jin daɗin fitar, ba na musu, ranar da za a yi gwaji tun safe nake zaɓen mayafi. Amma ƙafa tawa ce. Lallena ya dafe, ɗan yatsana ya taɓa yin bororo, kuma haushi ya fara kama ni: namiji da iliminsa, wata da watanni ya kasa gano iska guda!

Da Malam ya tafi rangadi, sai na aika aka kira min yayana, wanda makanike ne a Sabon Gari. Na ce, "Yaya, don Allah raba ni da wannan azaba." Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya kwashe da dariya. Ya nuna min wani ɗan famfo a bayan inji. Ya ce motar ƙasar sanyi ce, an yi mata abin ɗumama ciki, ruwan zafin inji ke bi ta wannan famfo ya zo ya hura ƙafa. Da yatsa biyu ya murɗa shi ya rufe. Sannan ya shinshina yatsun, ya ce, "Ikon Allah. Ko tsatsa babu, akwai mai sa masa mai." Na ji maganar, amma ban tsaya na auna ta ba. Murna ta cika ni, na gama abin da ya gagari Malam.

Da Malam ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba na fesa masa labari, a gaban Inna, ina wani fari da ido. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Yarinya ta huta da yawo cikin rana."

Malam ya ajiye kofin a hankali. Ya dube ni, abin da ba ya yi a gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." A fuskarsa na gane wanda ke sa wa famfon mai. Tun ran farko ya san shi. Na rasa inda zan sa kaina.

Sau da yawa nakan ce a raina, kai ma Malam da naka. Me zai hana ka raɗa min a ƙarƙashin bishiyar nan? Da na sa safa biyu na rufa maka asiri, da na yi ta ihun zafi har Inna ta tausaya min. Amma shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa mace yana son zama da ita ba, sai dai ya kwana ƙarƙashin mota yana toshe ramuka. Ni kuma da na gane, kunya ta hana ni cewa ya sake buɗe famfon. Kowa ya riƙe tasa.

Ba a jima ba na sami ciki, aka sayar da jar mota aka sayi doguwa mai cin mutum takwas. Ba ta taɓa tashi da mu biyu kaɗai ba, kullum da mai zuwa asibiti, da mai sauka a kasuwa. Maganar makaranta ma ta bi ruwa, don ba mu sake samun inda za mu ƙarasa ta ba.

Shekaru da yawa bayan haka, muna dawowa daga wani biki, mota cike da yara da dangi, muka wuce wurin mai raken nan. An sare bishiyar, an yi shaguna. Malam ya rage gudu. Idonsa na kan titi ya ce, "Ƙafar fa?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam."

Da mutane a motar, me zan ce? Bai sake tambaya ba har ya bar duniya.