Sarauniyar da Ta Kasa Mutuwa

Ana ta yaɗawa a layinmu wai Yaya, 'yar kawuna ungozoma, ta taɓa shan guba a gaban mutum dubu, ta miƙe ta kakkaɓe zani ta tafi aiki. Ƙarya ce. Mutanen ba su kai sittin ba, gubar ruwan shayi ce, kuma ko kurɓa ba ta yi ba.

Tun muna yara Yaya take son wasan kwaikwayo. Ita ce mai yafa labulen kakarmu ta sa mu durƙusa mata. Da ta girma ta kama aiki a ɗakin haihuwa, ta kuma shiga wata ƙungiya mai wasa a zauren makaranta. Wasansu ɗaya ne, ya girmi kakan kowa: wata sarauniya tana son jarumin abokan gaba, ga amanar gari a wuyanta. Ta sa a kashe shi, sannan ta sha guba.

Shekara shida Yaya tana bitar jawabin mutuwar nan, har lokacin da take dafa almakashi. Ba ta taɓa kai ƙarshensa a gaban jama'a ba, kullum sai an kira ta. Mai shirya wasan, wani tsohon malami, ya rantse in ta sake fita ba ta mutu ba, zai ba wata kambin.

Ran nan da yamma ta ɗaga kofi, ta kai inda take cewa so da amana ba sa kwana ɗaki ɗaya, sai wani ya leƙo ta taga yana yarfa hannu: faya ta fashe. Ta dube shi, ta dubi kofin. Ta ajiye, ta fice da kambin kwali a ka. 'Yan kallo suka tafa, sun zaci haka wasan yake. Gawar jarumin ta gaji da jira, ta tashi ta nemi takalmanta.

An sami 'ya mace. Kambi kuwa ya koma kan wata mai kitso, tana mutuwa lafiya lau duk wata.

Mai leƙen tagar, in za a bi gaskiya, ni ne. Haihuwa ta biyar a gidana.

Kwanan baya na tsokane ta, na ce sarauniyar gaske ta cika aikinta har lahira, ita kuwa kofi ɗaya ya gagare ta. Ba ta ko ɗago daga wankin hannu ba.

"Ita sau ɗaya ta zaɓa, ta kwanta ta huta," in ji ta. "Ba ta da ɗan goggo marar aikin yi irinka."