Roton motar Baba

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da na kai izu goma a allo. Muna ɗaure damman gero a ƙauyenmu kusa da Gamu, ni ina jan igiya Baba yana tattakewa, sai ya zauna a ƙasa ba shiri, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. A kan amalanke aka kai shi gida, aka shimfiɗe shi a zaure, aka ce sai gidan likita na Gure.

Muna da mota, tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, mai ruwan toka, ita ke kai mutane da buhuna kasuwar Gidigir. Ni ke wanke ta da safe kafin in kora awaki rijiya, a bayanta kuma muke ɓuya idan muna wasa. Baba bai yarda kowa ya tuƙa ta ba, balle ƙanensa Baffa Ari, wanda ya taɓa kifar da ita a rairayi. Yakan ce, "Motar nan hannu ɗaya ta sani."

Baffa ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Ya kwance buji, wato fulogi, ya ɗora shi a jikin ƙarfe, ya ce in duba ko zan ga tartsatsi. Ban ga komai ba. Ya kankare kan batir da wuƙa, ya bi wayoyi har bobin mai haɗa wutar inji, samari suka tura motar har bakin masallaci suka dawo da ita, shiru. Sai da rana ta karkata ya buɗe murfin delko, inda wayoyin buji suke haɗuwa, ya tarar roto, ɗan baƙin abin nan da ke raba wa buji wuta, ba ya ciki. Ashe Baba cire shi yake yi duk sanda ya ajiye mota, don kada Baffa ya ɗauka.

Muka birkice ɗakinsa, tukwane, rumbu, har gafakar Alƙur'ani. Baffa ya durƙusa gabansa yana cewa, "Yaya, don Allah ina ka sa shi?" Baba yana kallonsa, yana ta bubbuga ƙirji da hannun da bai shanye ba. Inna ta riƙe hannun tana tofa masa addu'a, duk mun ɗauka ciwon ne yake nunawa. Kafin la'asar sakaliya Baba ya cika.

Masu wanka ne suka sami roton a aljihun 'yar cikinsa, daidai inda yake bugawa. Baffa bai sake taɓa sitiyari ba har ya bar duniya.

Yau ina zaune a Gure, mai ciwo a ƙauye waya kawai zai buga a zo a ɗauke shi. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma har yanzu idan na ga mutum ya dafe ƙirji, sai in matsa in tambaye shi abin da yake son faɗa.