Inna da Masarar da Na Hana Abinci

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, yajin aiki ya koro mu gida ana tsakiyar aikin bincike. Malamina ya ce tunda babu ranar komawa, in tafi da irin masarata in yi gwajin a gida, in kawo masa saiwoyi da sakamako. In babu su, babu kammalawa tare da 'yan ajinmu sai wata shekara. Haka na sauka ƙauyenmu na bakin ruwa kusa da Wara, da ƙullin iri biyu da tarin bokitai, ina ji da kaina kamar wata farfesa.

Aikin ba wuya a baki. Akwai sinadarin fosfet, ɗaya daga cikin abincin da shuka ke samu a ƙasa da taki. Idan ya yi ƙaranci, wasu ƙwayoyin gado a jikin shukar sukan farka, su sa saiwa ta ƙara miƙewa ta zuƙo ɗan abin da ya rage. Wani iri ƙwayoyinsa masu himma ne, wani kuwa malalata. Nawa shi ne in gano wanne ne wanne a cikin iri biyun nan, kuma ba a ganewa sai an sa su yunwa da gangan.

Na ɗebo yashi a bakin ruwa na wanke shi tas, na cika bokitai na shuka. Rabi na ba su cikakken taki, rabi na ba su komai ban da fosfet. Sai na jera su a bayan gida, daf da inda mahaifiyata, Inna, take bandar kifi.

Ba a jima ba na yunwar suka tsumbure, ganyensu ya yi ja-ja. Ni baki har kunne, ina ta ɗaukar hoto. Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke ɗiyar nan, mi as samu waɗanga?" Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Yunwa suke ji, Inna. Haka ake so."

"Haka aka so? Wa ka so?" Ta jinjina kai ta koma kan kifinta.

Sai ga abin mamaki. Jajayen nan suka fara murmurewa, suka yi kore shar, iri biyun duka, har suna neman kamo masu taki. Na kira malamina, na ce ina jin na gano abin da duniya ba ta sani ba. Ya ce, "To madalla, amma ki sake dubawa da kyau." Har haushinsa na ji.

Kyanwar gidanmu ce ta tona asirin. Wata safiya na tarar da ita tana tonon bokiti, na kore ta na sa hannu. Sai ga ƙayar kifi da toka a cikin yashin da na wanke da hannuna. Ƙashin kifi kuwa cike yake da fosfet.

"Inna, ke ce?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ta. Ruwan wankin kihi na, da 'yat tokar ƙashi. Abu cikin gidana shina ramewa ina kallo? Ba ni iyawa."

Na zauna a kan turmi na fashe da kuka. Irin da ya rage mini bai wuce na shuka ɗaya ba. Da ta ga da gaske nake, ta zauna ta saurare ni, na yi mata bayani tun daga farko. Ta ce, "In dai don karatunki na, na bari. Amma Allah na gani ba da son raina ba."

Na sake wanke yashi na shuka sauran irin. Daga ranar Inna ta koma mai gadin yunwa. Ta kori awaki, ta kori kyanwa, har goggona da ta zo za ta watsa ruwan wanke-wanke sai da ta sha faɗa. Amma kullum in za ta wuce bokitan sai na ji ta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ku yi haƙuri, ba ni ta ba. Boko na."

Da lokaci ya yi muka tuge su, muka wanke saiwoyin a bakin ruwa. Iri ɗaya saiwarsa 'yar guntuwa. Ɗayan kuwa ta bazu ta yi gashi kamar komar kamun kifi. Inna ta karɓa ta daɗe tana juya ta a hannu.

"Wagga da taj ji yunwa ba ta zamna ba," ta ce. "Hita tay yi nema. Ki aje min irinta."

Na kammala tare da 'yan ajinmu. Amma har yau in na tuna maganar nan sai idona ya cika, don na san wa ta gani a saiwar. Muna ƙanana mahaifinmu ya rasu, da kifin banda ta riƙe mu, tana shiga jirgin ruwa zuwa kasuwar Yelwa, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Ita ce ban sani ba ko ta kwana.

Na samo mata irin. Har yanzu tana shuka shi a bayan gida. Masarar da ta fi kowace iya jure yunwa, tun da ta shiga hannun Inna ba ta sake ganin yunwa ba, kullum da safe sai ta sha ruwan kifinta.